Mun kai Inna cin abinci a GRA: kifin ya yi, amma tarbar ta tsaya min a rai

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun daren Asabar abin nan yake cina, na ce bari in kawo shi nan in ji ko ni kaɗai na taɓa gamuwa da irinsa. Sunan wurin ba zan faɗa ba, don Allah kada a matsa min.

Autarmu ta gama karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke nan Zariya, sai ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka ce a fitar da Inna. Wainar da Inna take soyawa a ƙofar gida a Tudun Wada ita ta riƙe karatun yarinyar nan tun rasuwar Baba, kuma ba ta taɓa zama an kawo mata abinci a irin wuraren nan ba. Mu bakwai muka je, bayan Magariba. Tun ranar Alhamis na kira na kama tebur.

Gaskiya ɗaya ce, wurin ya tsaru. Tsaf-tsaf, ga sanyi, ga ƙamshi. Gasasshiyar karfasar da suka kawo ban taɓa cin irinta a Zariya ba. An tsattsaga ta an cusa citta da tafarnuwa da attaruhu har kusa da ƙaya, fatar ta gasu ta yi ƙaras-ƙaras, kana ɓarewa turiri na tashi, naman fari tas. Farfesun kayan ciki ma ba ƙarni ko kaɗan, ana jin masoro da kanumfari daidai gwargwado. A nan ba ni da ƙorafi.

Amma mun yi kusan minti 20 a zaune ba wanda ya ce mana sannu. Da yarinyar da ke kai abinci ta zo, ba sallama ba gaisuwa, ta miƙa wa Inna takardar jerin abinci da hannun hagu, idonta na kan wani tebur. Inna ba ta yi boko ba. Ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ta miƙo min a hankali ta ƙarƙashin tebur don kada a gani. Na ce a kawo mata tuwon shinkafa miyar kuka tunda yana cikin jerin.

Namu ya zo, nata shiru. Ta ce mu ci kada ya huce. Sai bayan sama da awa ɗaya tuwon ya iso, a ƙunshe cikin leda, gefensa da zafi, tsakiyarsa sanyi ƙalau. Miyar tsululu, ba ƙamshin daddawa, dunƙule kawai ake ji. Aka ajiye mata wuƙa da cokali mai yatsu. Sau uku ina roƙon ruwan wanke hannu, ƙarshe Yaya ne ya buɗe ruwan gora ya zuba mata a wani kwano. A cikin wannan jiran wasu mutane huɗu masu manyan riguna suka shigo, manaja da kansa ya fito ya tarbe su, kafin minti 15 teburinsu ya cika.

Sai bil. Abinci da abin sha 86,000. A ƙasa an ƙara 8,600 kuɗin hidima, da 6,450 na harajin VAT, jimla 101,050. Babu inda aka rubuta kuɗin hidimar nan a takardar da aka ba mu.

Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Loma uku Inna ta yi ta janye hannu, amma muna shiga mota ta ce, "Allah ya yi muku albarka, na ci na ƙoshi." Wallahi har gida ban iya cewa komai ba.

Ummu Haidar:
Wa alaikumus salam. Kai, Anti, maganar Inna ta sa ni ƙwalla. Ki faɗi sunan wurin mana, kada wani ya kai tasa uwar a yi mata haka.

Shugaban Zaure:
Ummu Haidar, a yi haƙuri, dokar zauren nan ba a kama sunan wurin sana'ar mutum. Ɓangare ɗaya muka ji. A tattauna matsalar, wanda ya san mai wurin ya isar masa.

Abu Safwan:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ya sanya albarka a karatun. Amma in dai wurin da nake zato ne, ni sau huɗu ina zuwa kuma ban taɓa ganin haka ba. Ranar Laraba da rana na kai baƙi da suka zo aiki kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, cikin minti 25 aka sallame mu, kuma har suka koma Legas suna yabon naman ragon. Ina ganin daren Asabar ne matsalar, kowa ya fito lokaci ɗaya. Kada dare ɗaya ya sa mu rushe wa mutum abin da ya gina. Da can in ka yi baƙo na kirki sai ka kama hanyar Kaduna, kusan kilomita 80, don kawai a ci abinci a wuri mai kyau. Yanzu da muka fara samun namu ya kamata mu riƙe su.

Maman Ilham:
Malam, ban ce a rushe kowa ba, shi ya sa ma na fara da yabon kifin. Amma cunkoson daren Asabar bai hana a sallami masu manyan riguna cikin minti 15 ba. Kuma ba cunkoso ne ya sa aka miƙa wa tsohuwa abu da hagu ba.

'Yar Wusasa:
Malam Abu Safwan, da wace irin shiga ka je, kuma da wa ka je? Amsar tana nan. Ni na gwada da kaina a wani wurin daban a Sabon Gari. Ranar da na je daga ofis da jaka da makullin mota a hannu, har kujera aka ja min. Ranar da na je da hijabi da silifas na sauka daga Keke, sai da mai gadi ya tambaye ni wa nake nema.

Ɗan Samaru:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya yi aikin. Lokacin ina aji uku a ABU na yi wata 9 ina kai abinci a wani babban wuri, ba wannan ba. Anti, abin da aka yi wa Inna ba daidai ba ne, ba na kare shi. Amma ga abin da ba ku gani daga inda kuke zaune.

Ranar da aka ɗauke ni aiki ba wanda ya koya min komai. Riga aka ba ni, aka ce bi wancan ka ga yadda yake yi. Muna shiga ƙarfe 10 na safe, ba mu tashi sai 11 na dare, a tsaye. Mutum ɗaya zai riƙe tebur shida ko bakwai. In faranti ya fashe a albashinka, in baƙo ya fita bai biya ba a albashinka. Kuɗin hidiman nan na kashi 10 da ake karɓa da sunanmu, wallahi ko sisi ban taɓa gani ba. To yaron da yake cikin wannan halin idonsa na kan teburin da yake sa ran za a bar masa dubu ɗaya ko biyu in an tashi. Iyali masu yara da tsohuwa yana ganin wahala ce kawai ba ihsani. Mummunan lissafi ne, amma haka ake yinsa.

Batun wanda aka fara sallama kuma, yawanci ba daga mu ba ne. Takardun oda suna jere a kicin, manaja zai shigo ya zare ta wani ya ɗora a sama ya ce wannan na Alhaji ne. Kai da ka karɓi odar farko kai za ka koma ka sha harara.

Ummu Haidar:
Duk da haka gaisuwa kyauta ce. Ko yarinyar ba Bahaushiya ba ce?

Ɗan Samaru:
Anti, kada mu kai shi wajen ƙabila. A Sabon Gari tun zuwan jirgin ƙasa ake zaune da Yarabawa da Ibo da sauran jama'a, kuma duk cikinsu babu wanda a gidansu ake miƙa wa babba abu da hagu. Wanda ya fi kowa iya tarbar tsofaffi a inda na yi aiki wani yaro ne ɗan Binuwai, Hausarsa ma ba ta nuna ba, amma har ƙasa yake durƙusawa ya riƙe musu buta. Rashin horo ne, da kuma ganin cewa mai wurin kansa ba ya girmama kowa sai mai kuɗi.

Hajiya Mai Girki:
Maman Ilham, sannu 'yata. Shekarata 18 ina girkin biki da na taro, bari in gaya miki abin da ya faru da tuwon nan kamar ina kicin ɗin.

Ba su da shi a ƙasa. Irin wuraren nan suna rubuta tuwo a jeri ne don kada a ce babu abincin gargajiya, amma a dare bai fi mutum biyu su nema ba. Sai a tuƙa da safe ko ma jiya, a ƙulla a leda a jefa firji. In an nema a saka a na'urar ɗumama abinci, ita kuwa in ba a ba ta lokaci ba gefe take gasawa ta bar tsakiya. Miyar kuka kuma ba ta son jira. Ana tafasa ruwan nama da daddawa da wake ko busasshen kifi, a kaɗa kukar da maburgi a sauke a ci. In ta kwana aka ƙara ruwa aka ɗumama, tsinkewa take yi. Abin da aka kawo wa Inna ke nan. Awa ɗayan da kuka jira, ina kyautata zaton neman wanda zai haɗa miyar ake yi, don kukun da aka ɗauko saboda shinkafar 'yan Sin da taliyar Italiya ba lallai ya iya kaɗa kuka ba.

Kifin ya yi daɗi ne saboda ba shi da hanyar ha'inci. Sai an nema ake ɗora shi a kan garwashi, mutum ɗaya ne a kansa, aikinsa ke nan kullum. Shi ya sa ni in na shiga wuri na ga jerin abinci ya kai shafi shida, gabana faɗuwa yake yi. Babu kicin ɗin da zai dafa kala 70 sabo a rana ɗaya. Firiza ce take aiki, ga wutar tamu yadda take. Ku kula da soyayyiyar shinkafa mai kayan lambu musamman, in ta wuni a waje ba zafi ba sanyi ita ce kan gaba wajen ɓata ciki.

Abin da ya fi ba ni takaici, a Zariya muke. Tumatir da attaruhu da alayyafo ga su nan daga fadamun Galma da Hunƙuyi, daddawa da kuka ga su a kasuwar Sabon Gari da ta cikin birni. A ce gidan abinci mafi tsada a garin nan ya kasa miyar da kowace yarinya 'yar shekara 12 take yi a Ƙofar Gayan? Ko faten tsaki da rama da aka san mu da shi, in aka yi shi da kyau aka zuba a akushi mai tsabta, wallahi baƙi za su biya ko nawa ne.

Abu Safwan:
Hajiya, na karɓi wannan, kin fi mu sani. Amma a duba tsadar gudanar da wurin ma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. In babu wuta inji ne zai kwana yana shan dizal saboda firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Dankalin Turawa daga Filato yake zuwa, kifin ƙanƙara daga Legas. Dole su nemi inda za su rage.

Hajiya Mai Girki:
Ɗana, ni ma gas ɗin nake saye, ni ma motar nake biya. In kaya sun yi tsada ka ƙara kuɗi a fili ko ka rage yawan kalolin. Ruwan wanke hannu da roba nawa suke?

Baban Nana:
Bari in taɓa batun bil ɗin tunda aikin akanta nake yi. Abu biyu ne daban aka haɗa muku. VAT haraji ne na gwamnati, an ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020. Na lissafa, 6,450 shi ne kashi 7.5 na 86,000, wannan daidai ne, in dai suna miƙa shi inda ya kamata. Kuɗin hidima kuwa ba haraji ba ne, aljihun gidan yake shiga. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta a nuna wa mai saye farashi, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka nuna masa. In ba a rubuta kashi 10 ɗin a takardar abinci ko a bango ba, kuma ba a faɗa muku kafin ku yi oda ba, kina da bakin cewa a cire.

Ga wani abin dubawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato abin da kuka biya a zama ɗaya ya haura albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa yaran da Ɗan Samaru yake magana a kansu da yawa ba su da madafa. Ni yanzu in zan ba da ihsani, a hannun yaron nake danƙawa.

Maman Ilham:
Baban Nana, na gode, da na san haka. Yaya ya so ya yi magana a wurin, ni na taka masa ƙafa, don ba na son a yi ta ja-in-ja kan kuɗi a gaban Inna ta ji nawa aka kashe. Har yau ba ta sani ba. Ga shi POS ɗinsu ya ƙi, muka yi tiransifa, aka tsayar da mu a bakin ƙofa kusan minti 10 ana jiran alat, tsohuwa a tsaye ba wanda ya ce ga kujera.

Dattijon Ƙofar Doka:
'Yata, Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku masu yi muku. Amma ni ina da ja a kan tafiyar tun asali. Da wannan kuɗin kun sayi kaji da kifi, an yi girki a tsakar gida, maƙwabta da 'yan'uwa sun ci sun yi wa yarinya addu'a, da mahaifiyarku ta fi jin daɗi. Mu a tasowarmu cin abinci a waje na matafiyi ne da gwauro. Kun ɗauki baiwar Allah kun kai ta inda ba ta saba ba.

'Yar Wusasa:
Baba, da girmanka, a nan ban bi ka ba. In an yi a gida wa zai tsaya a kan murhu? Inna ce za ta ƙi zama, ta ɗaura zani ta shiga hayaƙi kamar kullum. Abin da 'ya'yanta suka so shi ne rana ɗaya ta zauna a yi mata hidima. Kuma in muka ce irin su Inna su zauna a gida, mun yarda ke nan wuraren nan na wasu ne ban da iyayenmu, alhali a garinsu aka gina su.

Maman Ilham:
Baba, na gode da addu'a. Walimar gida mun yi ta tun ranar Juma'a, kuma yadda 'Yar Wusasa ta faɗa haka aka yi, tun Asuba Inna tana gaban tanda, ta ce ba wanda zai soya wainar walimar autarta sai ita. Hannunta duk tabon mai ne na shekaru. Shi ya sa na so ko sau ɗaya wani ya zuba mata ruwa a hannun nan, ya ajiye mata abinci mai zafi.

Dattijon Ƙofar Doka:
To, na fahimta, Allah ya karɓi niyya. In haka ne kada ki bar shi a nan. Ki je ki samu mai wurin ki gaya masa ido da ido, cikin mutunci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in bai san wannan ba a sanar da shi. Amma ki roƙe shi kada ya kori yarinyar, wataƙila ita take ciyar da gidansu.

Ɗan Samaru:
Baba ya faɗi abin da nake tsoro. Duk ƙorafin da aka kai, ƙaramin ma'aikaci ake zaftare wa albashi a ce an ɗauki mataki. Anti, in kin je ki fi nauyaya maganar tuwon da zaɓen teburi da kuɗin hidima, waɗannan na manya ne.

Ummu Haidar:
Ni dai da ni ce ba zan sake taka wurin ba, kifin nasu ya daɗe.

Abu Safwan:
In kowa ya yi fushi ya tafi shiru, mai wurin ba zai san dalili ba, sai dai ya ga ciniki ya ja baya ya ce 'yan Zariya ba su iya cin abu mai kyau ba. Hajiya, in kina so in raka ki, ko in haɗa ki da maiɗakina ku je tare.

Maman Ilham:
Ga yadda aka yi. Yau bayan na tashi daga makaranta muka je ni da Yaya, wajen ƙarfe 3, wurin ba kowa. Mai wurin ba ya gari, manajan muka samu. Da farko ya fara kawo maganar cunkoso, sai Yaya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, da mahaifiyarka ce aka ajiye wa tuwo mai sanyi da wuƙa da cokali fa?" Ya yi shiru, sannan ya ba da haƙuri. Ya amsa cewa tuwon na safe ne, kamar yadda Hajiya Mai Girki ta faɗa. Kuɗin hidima ya ce yana rubuce a tsohuwar takardarsu, da aka buga sabuwa aka manta, ya mayar mana da 8,600 ɗin. Batun teburin masu manyan riguna bai ba ni amsar da ta gamsar da ni ba, ya ce sun yi oda ta waya tun kafin su zo. Na ce ni ma tun Alhamis na kira.

Na roƙe shi kada a taɓa albashin yarinyar, ya ce ba za a taɓa ba. Ya kira ta, ashe ba ta fi sa'ar autarmu ba, sati uku ke nan da fara aikinta. Ta durƙusa tana ba da haƙuri muryarta na rawa, ta ce tire ne a hannunta na dama shi ya sa, kuma ba ta lura ba. Ni ban tuna ganin tire ba, amma ban ja ba. Kuɗin da aka mayar Yaya ya cire 3,000 ya ba ta.

Manajan ya ce mu dawo da Inna a yi mata girki na musamman kyauta. Na gaya mata da na koma. Ta ce a gode masa, amma ita ƙafarta ba ta son hawa matakalar nan. Sai ta ce in da hali dai a sayo mata kifin nan da ta ɗanɗana a farantin auta, ta ci a ɗakinta.

Hajiya Mai Girki:
Ki sayo mata babba, ki ce kada su rufe shi a leda da zafinsa, fatar za ta yi laushi. A naɗe a takarda. Tuwon kuma ki bar min, ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan aiko yaro da kula, miyar kuka da man shanu. Ki turo min kwatancen gidan ta akwatin sirri.